Kaburburan da Kawu Ya Ƙi Nunawa

A da, in ka bar Funtuwa ka nufi Malumfashi, ka sauka daga mota wajen Tsiga ka bi hanyar ƙafa, ba ka daɗewa za ka fara cin karo da gidajen Maguzawa. Ba sa zama a cunkushe kamar mutanen gari. Kowane gida yana tsakiyar gonarsa, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, kare ya yi maka haushi tun daga nesa, mace ta fito da ƙwaryar ruwa tun ba ta tambayi ko kai wane ne ba. Yanzu in ka bi wannan hanyar masara za ka gani shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Babu gamba a iyaka, babu rumbu, babu kare. Masu gonakin suna cikin gari, sai lokacin girbi ake ganin motocinsu.

Daga irin waɗannan gidaje mahaifiyata ta fito. Mahaifina ya karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan, ita ma ta bi shi, ni kuma aka sa ni makaranta har na zama malamin gona. Yayanta kuwa, wato Kawuna, bai bi kowa ba. In aka dame shi da wa'azi yakan ce, "Na leƙa masallaci, na leƙa coci, duk sun yi kyau. Amma in na tafi wa zai ba tsofaffi abin sha?"

Tsofaffin da yake nufi matattu ne. A gidansu in maigida ya mutu a cikin ɗakinsa ake binne shi, a haƙa da zurfi sosai, a daɓe ƙasa, a ja ƙofa. Ba a ƙara gyara ɗakin. Damina ta cinye shi, iyali su matsa gaba kaɗan su yi sabon gini, kufan ya koma gona. Ba a sa dutse, ba a dasa itace, ba a barin wata alama. Bayan an yi zuriya biyu ko uku babu wanda ya san takamaiman inda kowa yake kwance sai maigida, shi ma wanda ya gada ne ya gaya masa a ƙarshen ransa. Kafin shuka Kawu yakan ɗauki ƙwaryar giya ya zagaya gonar duka shi kaɗai, ya tsaya nan, ya durƙusa can, yadda ko kana kallonsa daga nesa ba za ka gane inda ya zuba ba. Dokar guda ce, ba a nuna wa baƙo. Suna cewa in idon baƙo ya faɗa wa wurin, tsofaffin sai su yi fushi su janye hannunsu daga gidan.

A shekarun farin nan na farkon saba'in wani Alhaji, mai sayen auduga a Funtuwa, ya zo neman aron gona. Sun daɗe da sanin juna da Kawu, don shi yake auna masa auduga kowace kaka. Kawu yana da saura mai faɗi da ya bari ta huta, sai ya ɗauke shi ya zagaya da shi, ya nuna masa inda ruwa yake kwanciya da inda ƙasa take da ƙarfi. Ba a kira kowa ya shaida ba. Haka ake yin aro a lokacin. Da kaka mai aro ya kawo dami ɗaya ko biyu, don a tuna cewa gonar tana da mai ita.

Akwai wasa a tsakaninsu. In Alhaji ya zo kan babur ɗinsa, Kawu yakan tare shi da cewa, "Alhaji mai sikeli, ka zo daidai, yau aka sauke tukunyar giya. A ɗebo maka?"

"Allah ya tsare ni. Kai dai Sarkin noma, yaushe za ka zo a yi maka wanka ka huta da wannan ɗoyi?"

"In na musulunta wa zai yi maka noma da azumi? Ku duk kuna kwance a gindin itace kuna tofar da yawu."

Su yi dariya, Alhaji ya tafi da kaza ko ƙwaryar gyaɗa. Amma in Kawu ya je gidansa a Funtuwa, a bakin zaure yake tsayawa, ba a shimfiɗa masa tabarma. Akwai wata moɗar gwangwani da aka rataye a ƙusa nesa da randa, da ita ake ba irinsu ruwa. Na taɓa raka shi na ga wannan, raina ya ɓaci. Shi kuwa ya sha ruwansa ya mayar da moɗar kan ƙusa, ya ce mini, "Me ka ɗaure fuska, Bature? Moɗa ce tawa ni kaɗai. Ko hakimi bai samu wannan gata ba."

Bature yake kirana tun ranar da na fara sa wando dogo.

A tsakiyar shekarun saba'in ɗin aka tura mu, mu 'yan kaɗan daga cikin malaman gona, ƙasar Meksiko mu koyo aikin sabon irin masara. Na koyi Sifaniyanci gwargwadon abin da zai saya mini abinci ya kuma fitar da ni daga ɓata. Kafin mu dawo aka kai mu Peru, can cikin duwatsu, mu ga yadda manoman wurin suke ajiye irinsu na gado.

Kafin wannan tafiya abin da na sani game da mutanen asalin waɗancan ƙasashe shi ne abin da muke gani a silima a Funtuwa. Indiyawan daji muke ce musu. Suna fitowa da ihu, kaboyi ya harbe su, mu yi ta tafi. Sai da na je na ji cewa ko sunan ma kuskure ne, Turawan da suka fara isa can da jiragen ruwa sun zaci ƙasar Indiya suka iso, suka laƙaba musu, har yau bai fita ba. Na tarar da manoma ne kamar na gida. Gajeru ne, hannayensu duk kanta, suna da rumbuna, suna yin giyar masara, suna zuba wa ƙasa kaɗan kafin su sha. Ranar da na ga wannan sai da na juya, kamar zan ga Kawu a bayana.

Wani dattijo a cikinsu ya wuni yana zagayawa da mu cikin gonarsa, yana nuna mana masara ja da baƙa da mai ɗigo-ɗigo. Da rana ta yi tsaka muka sauka gari tare da shi don cin abinci. Mu aka shigar da mu ciki, har ni da kowa yake kallo don baƙar fatata, tunda baƙin gwamnati ne. Shi kuwa ya zauna a kan dakali a waje ba tare da an ce masa komai ba, aka miƙo masa abinci cikin wani kwano da aka ɗauko daga ƙarƙashin tebur. Na ɗauki nawa na fita na zauna kusa da shi. Sifaniyancinsa bai fi nawa da yawa ba, don yana da harshensa na gado, saboda haka muka fahimci juna sosai.

Na tambaye shi ko gonar da muka gani tasa ce. Ya ce wannan 'yar da ke kan dutse tasa ce, kwarin da ke ƙasa kuwa, mai ruwa, na kakanninsa ne a da. Ya ce da baƙin suka zo an ba su abinci, an nuna musu hanya da mashaya. Daga baya suka fara tambayar inda ake binne manya, don sun ji ana binne su da zinariya. Waɗanda suka nuna, aka tone aka kwashe, aka watsar da ƙasusuwan. Waɗanda suka ɓoye, aka ce ai ƙasar ba ta da mai ita, aka raba wa baƙi. Ya faɗi wannan yana cin abincinsa, ba fushi a muryarsa, kamar mai ba da labarin farin bara.

A babban birninsu kuma aka kai mu gidan ajiye kayan tarihi. Nan na ga gawarwakin da aka tono, a zaune, gwiwa a ƙirji, da gashinsu da tsummokaransu, an sa su cikin akwatin gilashi. 'Yan makaranta suna wucewa suna nuna su da yatsa.

Da na dawo na kai wa Kawu tsarabar bargo da hula. Ya sa hular a karkace ya ce, "To Bature, ka ga ƙarshen duniya? Can ma ana noma ko kuwa takarda suke ci?" Na ba shi labarin masara, bai damu ba. Na ba shi labarin kwanon da ke ƙarƙashin tebur, ya yi dariya ya ce ashe yana da 'yan'uwa. Amma da na zo kan akwatin gilashi sai ya cire hular ya riƙe.

"Uban wani?"

Na ce, "Kakan kakan wani dai."

"Kuma jikokinsa suna nan da rai?"

"Suna nan, Kawu."

Ya tashi ya tafi duba awaki.

A wannan lokaci abubuwa sun fara sauyawa a ƙasarmu. Takin zamani ya zo, sabon iri ya zo, tarakta ta zo, masara ta zama abin neman arziki. Ƙasar da a da ba wanda ya kula da ita sai ga 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suna zagayarta. Alhaji ya daina auduga ya koma masara. Damin da yake kawowa ya fara makara, wata shekara ya aiko yaro da shi, wata shekara bai zo ba sam. Kawu bai yi magana ba, don a ganinsa rashin kunya ne ka bi mutum kana tuna masa.

A farkon shekarun tamanin 'ya'yan Kawu biyu da suka tafi ci-rani suka dawo da iyali, gona ta yi kaɗan. Ya je Funtuwa ya tsaya a bakin zaure ya ce wa Alhaji in an yi girbi yana son saurarsa. Alhaji ya ce wace saura? Daji ya tarar, ya sare da izinin dagaci. Har ma ya ce iyakarsa ta wuce inda yake nomawa, ta haɗa da gonar da ke kewaye da gidan Kawu.

Aka je gaban alƙali. Na ɗauki hutu daga wurin aiki na raka shi. Alhaji ya kawo shaidu, mutanen unguwarsu, da manyan riguna, suka ce sun san wurin daji ne. Kawu ya kawo maƙwabtansa Maguzawa, aka saurare su a tsaitsaye, aka ce shaidarsu ba ta isa ta ture ta waɗancan ba. Ni ma na yi magana, aka ce ni ɗan ƙanwarsa ne. Kawu ya ce a kawo gatari ya rantse da ƙarfe da aradu kamar yadda suke yi, kotu ta fashe da dariya, har masinja ya tsawata.

Alƙalin nan ba mugu ba ne, dole in faɗi wannan. Tsoho ne mai sanyin murya, kuma na ga alamar maganar Alhaji ba ta kwanta masa ba. Ya dubi Kawu ya ce, "Ka ce iyayenka da kakanninka a cikin gonar nan suke kwance?"

"Suna ciki, ranka ya daɗe."

"To kabari ba ya ƙarya. Zan zo da kaina. Ka nuna mini ko ɗaya ne, in an ga shaida, gonarka ce duka, har wadda ka ba da aro. In ba a gani ba, ba ni da abin da zan riƙe."

Da muka fito ina ta murna, na ce Kawu an gama. Shi kuwa ya sa kai ya nufi tashar mota.

Da bazara ne, ana jiran ruwan farko, gonaki duk a share. Alƙali ya zo da hantsi, aka sa masa kujera a gindin ɗorawa. Alhaji ya zo da mutanensa da leburori biyu riƙe da diga da shebur, don ya ce kowa yana iya nuna ƙasa ya ce ubansa na ciki, sai an tona an gani. Alƙali ya ce gaskiya ne, amma za a yi da mutunci, a mayar a rufe.

Kawu ya fito daga gida ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tun da ya fito na lura da wani abu, idonsa yana kan babban yatsan ƙafarsa. Ko da ake masa magana bai ɗaga kai ba. Da farko na zaci ladabi ne. Daga baya na gane tsoro yake kada idonsa ya kuɓuce ya kalli wurin, wani ya bi kallon.

Alƙali ya ce, "To, bismilla, muna jiranka."

"Ranka ya daɗe, suna nan. Amma ba a nunawa."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Allah ya gafarta malam, ka ji ko? Sarkin noma, in akwai ka nuna mana, rana tana yi."

Kawu ya ce, "Alhaji, kai ka san akwai. Shekara nawa kana ganina da ƙwarya kafin shuka, har kana ce mini in rage maka?"

Alhaji ya kau da kai, ya ce shi bai san wannan ba.

Na roƙi alƙali ya ba ni izini, na ja Kawu gefe. Na ce, "Kawu, don Allah. Ɗaya kawai. Su ɗan tona su gani su rufe. In ba haka ba yau gonar nan ta tafi, da su da kai da jikokinka."

Ya ce, "Wanne?"

Na ce, "Ko wanne."

"A'a, zaɓa mini, Bature, kai ka yi karatu. Ubana zan ba su ko kakana? Kakana ya fi tsufa, wataƙila ba zai ji zafin diga ba."

Na ce ai alƙali ya yi alkawarin za a rufe.

"Kai da bakinka ka gaya mini abin da ka gano a ƙarshen duniya. Su ma haka aka ce musu, a ɗan duba."

Na ce, "Waɗanda suka ɓoye ma an ƙwace ƙasarsu, na gaya maka wannan ma."

"An ƙwace. Amma iyayensu ba sa cikin gilashi."

Ban ce labarina ne ya hana shi ba. Ko ban taɓa wuce Bakori ba, na san ba zai nuna ba. Abin da labarin ya yi kawai shi ne ya ba shi amsar da zan kasa turewa.

Alƙali ya jira har inuwar ɗorawa ta matsa daga kansa. Ya sake tambaya sau ɗaya, a hankali, kamar mai roƙo. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi aikinka, ban ga laifinka ba." Alƙali ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Hukuncin da ya yanke daga baya ya bar wa Kawu gidansa da ɗan abin da ke bayan rumbuna, sauran duka ya zama na Alhaji.

Kafin damina ta kankama tarakta ta shigo. Ta tumɓuke gamban iyaka, aka sare kaɗanya da ɗorawa don kada su tare mata hanya. Tana juyawa a daidai ƙofar gidan, hayaƙinta yana shiga ɗakuna. 'Ya'yan Kawu suka sake tafiya, ɗaya ya musulunta a Funtuwa yana dako a kasuwar hatsi, ɗaya ya bi mutanen cocinmu zuwa wani ƙauye a kudu. Kawu ya daure damina biyu. Ba ya iya zagayawa da ƙwarya, don mai gadin gonar yana korarsa. Daga ƙarshe ya yarda na ɗauko shi zuwa gidana kusa da Malumfashi.

Ya rayu 'yan shekaru a wurina, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Bai saba da zama a inda bango yake jingine da bangon maƙwabci ba. Ya daina wasa, ko Bature ma ya rage kirana. Aikina yakan kai ni wajen tsohuwar gonar, kuma duk ranar da na dawo tambayarsa ɗaya ce.

"Garmar ta tono wani abu?"

"Ba ta tono ba, Kawu."

"Madalla. Mun iya haƙa."

Da ciwonsa ya yi tsanani, wata rana da la'asar na zauna kusa da shi na ce ya gaya mini wuraren, ko don kada abin ya ɓace. Na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Ya kalle ni ya ce, "Za ka kai musu giya kafin shuka?"

Ni dattijon coci ne a lokacin. Ban iya yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "To ka gani. Wanda ba zai ba su sha ba, baƙo ne. Kada ka ji haushi, ɗan ƙanwata. Ka bar su su huta."

Da ya mutu aka rasa inda za a kai shi. Maƙabartar Musulmi ba ta karɓe shi ba, fastonmu kuma ya ce bai yi baftisma ba. Gidana na haya ne, ba a binne mutum a ɗaki. Muka haƙa masa a bayan shingen maƙabartar coci, ta waje, inda awaki suke kiwo. 'Ya'yana suka so a yi masa siminti a rubuta suna, na hana.

Na yi tafiye-tafiye da yawa bayan wannan, na ji harsuna, na ga ƙananan kabilu a ƙasashe daban-daban, kowace da moɗarta a kan ƙusa. Ban sake komawa Peru ba, ban san abin da ya sami dattijon nan da 'yar gonarsa ta kan dutse ba. Alhaji ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da gonar, wanda ya saya ma ya sayar. Babu ko ɗaya daga zuriyar Kawu da yake zaune a wannan yankin yanzu, kuma babu wani mai rai da ya san inda kakannin mahaifiyata suke kwance.